Rush, dash, bolt, scamper: duk gudu ne ko akwai bambanci?

'Yar Ajin Ƙarshe:
Assalamu alaikum. Don Allah masu Turancin gidan nan ku taimaka min. Ina bita da wani littafin share fagen JAMB, wajen da ake cewa ka zaɓi kalmar da ta fi kusa a ma'ana. Jimlar tana cewa ɓarawo ya hango 'yan sanda sai ya *bolted*. Zaɓin da aka bayar akwai *hurried*, *fled*, *rushed* da *strolled*. Na san ta ƙarshen tafiyar shan iska ce, na cire ta. Amma sauran ukun duk sauri ne a wajena. Yaya mutum zai bambance? Ga tambaya 60 a Turanci kaɗai, ba lokacin dogon tunani.

Malamin Turanci:
Wa alaikumus salam 'yata. Amsar ita ce *fled*. Kada ki tsaya kan saurin, dukansu suna da shi. Ki tambayi kanki me ya sa mutumin yake saurin. Mai *hurry* lokaci ne ya ƙure masa, kamar ɗalibin da ya ji an kaɗa ƙararrawa yana bakin ƙofar makaranta. Mai *rush* shi ma lokaci ne ko larura, sai dai nasa ya fi zafi, har da bangaje mutane da mantuwa. Shi kuwa mai *bolt* tsoro ne ya zabure shi. Yana tsaye lafiya lau, sai kawai ka ga ya arce. Da ita ake faɗin dokin da ya firgita ya ƙwace linzami. To ɓarawon da ya ga 'yan sanda ba makara ya yi ba, tsira yake nema. Shi ya sa *fled* ta fi kusa.

Ɗan Kantin Kwari:
Malam, da girmanka, amma ni ina ganin wahalar da yara kawai ake yi. Ni da 'yan Chana da Indiyawa nake harka kullum ta WhatsApp. In na ce *send quick quick*, kaya suna zuwa. In na ce *run fast*, kowa ya gane. Me zai sa a tara wa yarinya kalma goma a kan abu ɗaya? Turanci ai don a fahimci juna aka yi shi, ba don burga ba.

Malamin Turanci:
Alhaji, bari in tambaye ka da Hausa. In yaron shagonka ya kwashi cinikin yini ya gudu, "ya yi sauri" za ka ce? Cewa za ka yi ya arce, ko ya cika wandonsa da iska. In matar maƙwabci ta fara naƙuda, cewa za ka yi an garzaya da ita asibiti. In doki ne, ka san sassarfa daban, sukuwa daban. In yaro ya tafi aike ya dawo nan da nan, ka ce wuf ya je ya dawo. Wanda ya yanke hukunci bai yi tunani ba, ka ce ya yi garaje, ba za ka ce ya yi hanzari ba, don hanzari yabo ne. Kai da kanka kana riƙe da kalma fiye da goma a kan abu ɗayan nan, kuma ba ka taɓa jin nauyinsu ba. Don me za ka hana Bature nasa?

Ɗan Kantin Kwari:
Ai ni Hausa a nono na sha ta, Malam. Ba wanda ya zaunar da ni ya ba ni jerin kalmomi ya ce in haddace.

Malamin Turanci:
To a nan kam ba mu da saɓani. Jerin nan da ake bugawa a bayan littattafai, a rubuta *fast* sannan a jero *quick, rapid, swift, speedy, hasty, prompt* kamar duk ɗaya ne, shi ne yake ɓata yara. Ina makin takardun insha'i, ina gani. Yaro zai rubuta cewa gwamna ya ɗauki *hasty action* a kan ambaliya, a zuciyarsa yabo yake yi, alhali ya ce gwamna ya yi garaje ne. Abin da yake nufi *swift* ne ko *prompt*. Kalma ɗaya ta juyar da maganar gaba ɗaya.

Anti Nas:
Malam ya taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Mu da muke shirin jarrabawar gwajin Turanci ta IELTS don aikin jinya a Ingila, ɗaya daga cikin abubuwa huɗu da ake duba rubutunka da su shi ne yalwar kalmomi. Da mutanenmu suka ji haka sai suka ɗauka ana nufin a zuba manyan kalmomi. Akwai wata 'yar ajinmu, duk inda *quickly* ta dace sai ta sa *expeditiously*. Har ta rubuta cewa majiyyaci ya ci abincinsa *expeditiously*. Mai koyar da mu ya ce mata wannan kalmar ta takardar ofis ce, ba ta kwanon tuwo ba. Masu makin suna duba ko kalmar ta zauna a inda aka ajiye ta ne, girmanta bai dame su ba.

A asibiti kuma ba wasa ba ne. In likita ya rubuta *stat* a gefen magani, yanzu-yanzu yake nufi, ki ajiye abin da ke hannunki ki bayar. Daga Latin aka samo ta. *Urgent* tana biye, amma ba ta kai ta ba. Sannan akwai *rapid*, da ita muke kiran gwajin zazzaɓin cizon sauro na tsinke, wanda ake ɗiga jini a ga sakamako cikin kamar minti 15 zuwa 20. Bugun zuciya in ya yi yawa shi ma *rapid pulse* muke rubutawa. Ba za ki taɓa ganin *hasty pulse* a fayil ba.

'Yar Ajin Ƙarshe:
Na gode Anti. To ita *fast* da *quick* fa? Su ne suka fi rikita ni, don kullum ake jin su.

Malamin Turanci:
Ki riƙe wannan, yana aiki a mafi yawan lokuta ko da ba kullum ba. *Fast* tana tafiya da abin da yake gudu: mota, jirgi, ɗan tsere. *Quick* tana tafiya da abin da ba ya cin lokaci: ɗan leƙe, 'yar tambaya, wanka na gaggawa. Shi ya sa ake cewa *fast car* amma *quick question*. *Rapid* ta fi son canji da ƙaruwa, kamar yawan jama'a ko tashin farashi, kuma hukumomi suna son ta a sunaye. Motocin BRT na Legas da aka fara a 2008, harafin tsakiyar nan *rapid* ne. *Swift* kuma ta masu rubutu ce da 'yan jarida, sauri ne mai tsafta, babu kame-kame.

Sai abu ɗaya da nake roƙon kowa a gidan nan. Ku bar cewa *fastly*. Ba a amfani da ita a Turancin yau. *He drives fast*, shi ke nan, ba a ƙara mata komai. Mai maki yana ganin ta zai ja jan biro.

Mai Ƙwallo:
Malam, a filin ƙwallo ma bambancin nan yana nan. Ɗan wasa *fast* shi ne wanda in an jefa ƙwallo gaba aka ce a bi, ba mai kamo shi. Ɗan wasa *quick* kuma ƙila ba zai ci tseren mita ɗari ba, amma kafin ka juya ya juya, kafin ka yi tunani ya ba da ƙwallo. Masu sharhi sukan ce wane yana da *pace*. Ku tuna ƙwallo ta biyu da Ahmed Musa ya ci Iceland a gasar cin kofin duniya ta 2018, yadda ya bar mai tsaron baya a gefen hagu ya kewaye gola. Wannan shi ne *pace*.

Kuma tunda da *bolt* aka fara, ai dole a ambaci mai sunan. Usain Bolt na Jamaika, mita 100 a daƙiƙa 9.58, a Berlin, 2009. Har yau ba a karya ba. Abin da yake yi sunansa *sprint*, wato ka zuba duk ƙarfinka a gajeren zango. Ba a yin *sprint* daga Kano zuwa Wudil. Tamu Tobi Amusan ma ta kafa tarihin duniya a tseren tsallake shinge na mita 100, daƙiƙa 12.12, a Amurka a 2022.

Ɗan Kantin Kwari:
To ga shi nan. Ni *bolt* da na sani sakatar ƙofa ce, sai kuma ƙusar da makanike ke ɗaurewa da noti. Yanzu an ce gudu ce. Kalma ɗaya tana kulle ƙofa, tana kuma arcewa. Wannan yare ne ko rikici?

Malamin Turanci:
Alhaji, kai da kake cewa ka ci abinci, ka ci kasuwa, ka ci bashi, ka ci zaɓe, ka ci mutunci, kai ne za ka yi wa wani gorin kalma ɗaya mai aiki da yawa? *Fast* ma haka take. Ita ce sauri, ita ce azumi, kuma tsohuwar ma'anarta abin da aka ɗaure tamau. Shi ya sa *fast asleep* ba barcin sauri ba ne, barci ne mai nauyi. *Breakfast* kuma karya azumin dare ne, kusan yadda muke cewa karin kumallo.

Tsohon Akawu:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Ni ta ɓangaren ofis zan yi magana, don a nan na tsufa. A zamaninmu fayil yana zuwa da ɗan kati a manne, an rubuta *urgent* ko *immediate*, kuma masinja ya san wanda zai fara kaiwa. In babban sakatare ya rubuta *please expedite action* da jan alƙalami, to ranar ba mai tashi da wuri. *Expedite* ba a yi wa mutum ita, aiki ake yi wa. Ba za ka ce ka yi *expedite* zuwa masallaci ba.

Wadda ta fi kowace tsoratar da mu ita ce *with immediate effect*. Waɗanda suka ga zamanin Janar Murtala, daga 1975 zuwa farkon 1976, sun san ta. A rediyo za ka ji an sallami manyan ma'aikata, kuma da wannan kalmar ake rufewa. Tun daga lokacin ta zauna a bakin 'yan Najeriya.

Nasihata ga yaranmu masu neman aiki: kada ka rubuta wa na gaba da kai ASAP, wato *as soon as possible*, a yi da gaggawa. Umarni ne, na sama ke ba na ƙasa, ko tsara da tsara. Haka *hurry up*, wannan ta ƙaninka ce. Sannan ku lura da *at your earliest convenience*. Yara suna sa ta suna zaton sun matsa lamba, alhali sun ce wa mutum ya yi in ya samu sarari ne.

Anti Nas:
Baba, Allah ya ƙara girma. Wannan ta ƙarshen wallahi ban taɓa lura ba.

Ɗan Jarida:
Bari in shigo da tawa rigimar. Malam, me za ka ce game da *scampered for safety*? Duk jaridar Turanci ta ƙasar nan, in an yi harbi a kasuwa ko gobara ta tashi, sai ka ga mutane sun *scampered for safety*, 'yan sanda kuma sun *swung into action*. Wani edita ya taɓa ce mana kuskure ne, amma kowa yana rubutawa.

Malamin Turanci:
Ba kuskuren nahawu ba ne, amma hoton da take bayarwa bai dace ba. A wajen masu harshen, *scamper* gudun yara ne suna wasa, ko 'yan kwikwiyo a tsakar gida. Akwai nishaɗi a cikinta. Ka ga bai kamata a ɗora ta a kan mutanen da ake harbi ba. *Scurry* 'yar'uwarta ce, gudu da ƙananan taku kamar na ɓera ya ga haske, ita tana ɗaukar tsoro. In turmutsutsu ne, kowa yana ture kowa, *scramble* ko *stampede*. In kuwa kana son magana ta fito a miƙe, ka ce *fled*, ka wuce.

Ɗan Jarida:
A nan ne zan saɓa maka, Malam. Su wa ye "masu harshen"? Mutum miliyan nawa ne suke karanta *scampered for safety* a Najeriya suna gane tashin hankali ake nufi? Ba wanda yake tuna kwikwiyo. In al'umma guda ta yi shekara da shekaru tana amfani da kalma ta wata fuska, ai ta zama tata. A watan Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomin Najeriya 29, har da *okada* da *danfo* da *Kannywood* da *next tomorrow*. Da can duk "kuskure" ake kiransu. Mu muke cewa famfo yana *rushing* in ruwa ya zo da ƙarfi, su suna cewa *running*. Mu *go-slow* cunkoson motoci ne, har mun mayar da ita gosulo, su kuma a Ingila ma'aikata ne ke jan ƙafa a aiki don nuna fushi. *Dash* a wajensu gudu ne na gajeren zango, a wajenmu kyauta ce. Wa ya isa ya ce namu ba Turanci ba ne?

Malamin Turanci:
Ban ce ba Turanci ba ne. Ni ma in na je Sabon Gari *sharp sharp* nake cewa, kuma in zan fita in dawo *I'm coming* nake cewa, wanda kowa ya san "ina zuwa" ce aka sa wa riga. Amma yarinyar nan jarrabawa za ta shiga. Mai saita tambayar JAMB da mai makin WAEC ba da Turancin kasuwa suke auna ta ba. Anti kuma a Ingila za a yi mata hukunci. In ta ce wa majiyyaci a can *I'm coming* ta juya ta fita, zai ɗauka ta ruɗe ne. Ka bari su san duka biyun, su san inda ake sa kowanne.

Ɗan Jarida:
Na yarda da batun jarrabawa. Ban yarda a ce jarida ta bar *scamper* don wani a Landan zai ga kwikwiyo ba. Ba shi muke rubuta wa ba.

Malamin Turanci:
To ko don ta tsufa ku bar ta. Kalmar da aka sa a labari dubu ba ta ƙara nuna wa mai karatu komai.

Na Maraɗi:
Gaisuwa ga kowa daga Nijar. Mu da muka yi boko da Faransanci wata matsalar muke da ita. A can *rapide* siffa ce, *vite* kuma ita ke bayyana yadda aka yi aiki, ba a haɗa su. Da na zo Turanci na ga *fast* tana yin aikin biyun, sai na riƙa neman inda ta ɓoye wutsiyarta. Kuma kome sai in ce *rapid*, don ita ta yi kama da tamu. Malam, *rapid car* daidai ne?

Malamin Turanci:
Za a gane ka, amma ba haka ake faɗa ba, ɗan'uwa. *Fast car*. Sannan tunda ka zo, ga wata da ta shafe mu duka, mu da ku. Bakinmu yana haɗa P da F. Sai *fast* ta koma *past*, *rapid* ta koma "rafid". Wasu kuma *fast* da *first* ɗaya suke fitar da su. A rubutu ba matsala, amma a jarrabawar baka yana jawo asarar maki.

Direban Hanyar Abuja:
Ni tambaya ɗaya gare ni. Jami'an kiyaye haɗurra kullum *over-speeding* suke ce mana. Wani fasinja ya ce min wai babu wannan kalmar. Gaskiya ne?

Malamin Turanci:
A Ingila da Amurka *speeding* kawai suke cewa, don ita kanta tana nufin an wuce ƙa'ida. *Over* ɗin ƙari ne da muka yi, mu da Indiyawa. Ɗan Jarida zai ce tamu ce, kuma a nan ba zan yi musu da shi ba. Kai dai ka tsaya a ƙa'ida, tarar ba ta duba nahawu.

'Yar Ajin Ƙarshe:
Malam, ga gwajina, a duba min. *I was in a haste, so I dashed to the shop and the rat bolted across the floor.*

Malamin Turanci:
Kin kusa. *Dashed to the shop* ta zauna daram, don shago kusa ne kuma za ki dawo. Amma ba a cewa *in a haste*. Ko dai *in a hurry*, ko *in haste* babu *a*. Wannan tana fitowa a jarrabawa sosai. Ɓera kuma *scurried* ya fi dacewa da shi, ko *darted* in fit ɗaya ya yi ya ɓace. *Bolt* ki bar wa doki da ɓarawo. Daga yau duk kalmar da kika tsinta, kada ki rubuta ta ita kaɗai a littafinki. Ki rubuta ta da jimlar da kika gan ta a ciki, da wanda ya yi aikin.

Ɗan Kantin Kwari:
To tunda kun ƙi ni, bari in ci moriyarku. Akwai wanda na tura wa kuɗin shadda, kaya sun ƙi tasowa. Na rubuta *quick quick*, na rubuta *urgent* da manyan baƙaƙe, na rubuta ASAP. Kullum amsarsa *soon my friend*. Baba Akawu, wace kalma ce mafi zafi a cikin duk waɗannan da kuka lissafa?

Tsohon Akawu:
Babu ko ɗaya, Alhaji. Duk wanda ya saba da kasuwa ya ƙoshi da *urgent*. Ka rubuta masa rana. Ka ce kana son lambar kwantena da takardar lodi kafin ranar kaza ga wata, ƙarfe kaza, in ba haka ba ya dawo da kuɗi. Ka sa *by* kafin ranar, kada ka sa *around*. Jimla biyu sun isa, kuma ka cire *my friend* ɗin nan daga taka amsar.

Ɗan Kantin Kwari:
Na tura yadda ka ce, Baba. Ya buɗe, layi biyu sun yi shuɗi. Yana ta rubutu yana gogewa.